Hutun Sallah a Wudil: Kafin saƙi da tatsuniya su zama sai a hoto

Idan Sallah ta rage saura kwana biyu ko uku, gadar Wudil ba ta hutawa. Motoci na ta sauke 'yan gari da ke neman abinci a Kano da Abuja da Legas da Fatakwal, kowa da jakar tsarabarsa.

Da za a zazzage jakunkunan nan a tabarma ɗaya, abin da za a gani sananne ne. Shadda 'yar Ostiriya ga mai hali, kwaikwayonta na Chaina ga mai ƙaramin ƙarfi, leshi da atamfa, takalman roba, tabarau na yara, da 'yar tsana mai gashin Turawa. Da wuya a tsinci abu guda da hannun wani ɗan ƙasar Kano ya yi.

Ba laifi ba ne mutum ya sa shadda ranar Idi. Abin dubawa shi ne, hutun Sallah ne kaɗai lokacin da abu uku ke haɗuwa a gida ɗaya: kuɗi a aljihu, zuri'a a tsakar gida, da sararin zama. Inda muka kai waɗannan ukun a cikin 'yan kwanakin nan shi zai nuna ko jikokinmu za su san saƙi da randa da Gizo a zahiri, ko kuwa sai dai a hoton Ranar Hausa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, sutura da sana'o'in hannu da tatsuniya ba a raya su da yabo. Ciniki da amfani ne ke raya su, kuma babu kasuwar da ta kai Sallah.

Abin da ƙasar nan ta taɓa zama

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi. Ya tarar ana noma auduga a nan, a kaɗa zare a nan, a saƙa a nan, a rina a nan, sannan fatake su kwashi kayan zuwa Timbuktu da ƙasashen hamada har Tarabulus.

Wannan arziki ba a cikin ganuwa kaɗai aka tara shi ba. Garuruwan karkara ne suka riƙe shi. Kura ta shahara da turkuɗin da Buzaye ke naɗawa har gobe. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ɗaya ce kawai cikin marinai masu yawa da suka bazu a ƙasar Kano.

Riga guda takan bi ta hannun mutane da dama kafin ta hau jikin mai ita. Akwai manomin auduga, da tsohuwar da ke kaɗi da mazari, da masaƙi, da marini, da mabugi, da maɗinki, da mai zana aska a ƙirjin riga, da mai bin zanen da allura. Kuɗin riga ɗaya yakan shiga gida bakwai ko takwas.

Wudil na da nata rabon a wannan tsari. Gari ne da ke bakin kogi, a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, kimanin kilomita 40 daga birni. Kasuwar shanunsa ta ranar Juma'a na cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa. Inda akwai kogi akwai yumɓu da masunta, inda akwai kara kuma akwai fata da majema da dukawa. Har yau mai neman tukunya ko tulu ko faifai ko ɗinkin hannu zai samu a Wudil da ƙauyukanta, sai dai masu yin suna tsufa, 'ya'yansu kuma sun koma kabu-kabu da sayar da katin waya.

Ba a ga laifin yaran ba. Ba wanda zai gaji sana'ar da ya ga mahaifinsa yana yi wata guda babu ciniki.

Tatsuniya da kayan gida tafiyarsu ɗaya

Mutane kan ɗauki ɓacewar tatsuniya da mutuwar sana'o'in hannu kamar matsaloli biyu daban. A ganina ciwo ɗaya ne.

Ɗauki tatsuniyar Ruwan Bagaja, ta 'yar bora da 'yar mowa. An ɗora wa 'yar bora laifin ɓata kirgin da ake kwana a kai, aka kora ta ta je ta wanko shi a wani ruwa mai nisa. A hanya ta haɗu da abubuwan kwaɗayi ta kau da kai, ta ga abubuwan mamaki ba ta yi musu dariya ba, ta yi ladabi ga wanda ta tarar. Ta dawo gida da arziki. 'Yar mowa ta bi sawu don hassada, ta yi rashin kunya a duk inda ta sauka, ta dawo da abin kunya.

To, gwada ba yaron yau wannan labari. Tun a jimlar farko zai tsayar da kai ya ce, "Baba, mene ne kirgi?" Kafin ka gama bayanin kirgi ga akushi, ga ludayi, ga maburgi, ga taskira, ga rumbu, ga tsaiwa. Labarin da ya kamata ya tafi kamar ruwa sai ya koma darasin ƙamus, yaro ya gaji ya koma kan waya.

Tatsuniyoyinmu an gina su ne da kayan tsakar gida. Gizo yana ɓuya a rumbu, Ƙoƙi tana tuƙa tuwo a tukunyar ƙasa, budurwa tana zuwa rafi da tulu, sarki yana ba da kyautar riga da rawani da doki. Duk kayan da ya fita daga gida, kalmarsa tana bin sa, duk kalmar da ta tafi kuma tana tafiya da wani yanki na labari.

Haka abin yake ta ɗaya ɓangaren. Yaron da ya taso da jin labarin tulu da ƙwarya yana ganin su da daraja, in ya girma zai iya cire kuɗi ya saya. Wanda bai taɓa ji ba, tarkacen ƙauye kawai yake gani.

Shi ya sa randar da ke kusurwar gida ta wuce wurin sanyaya ruwa kawai, duk da cewa a wannan zamani na rashin wuta ko wannan aikin ya ishe ta daraja.

Muna da namu Sindarela

Iyaye da yawa a yau sun san Sindarela ta katun, 'ya'yansu ma sun haddace ta. Marainiya ce da kishiyar uwa ke gallaza wa, daga baya ta yi nasara. Duk wanda ya san 'yar bora ya san ba wani sabon abu aka kawo masa ba.

Bambancin shi ne masu Sindarela sun rubuta tasu, sun zana ta, sun yi mata fim, sun ɗinka rigarta suna sayar wa duniya. A Jamus, 'yan uwan nan biyu da ake kira Grimm sun fara buga tatsuniyoyin da suka tattara tun 1812, kuma har yau ana cin abinci da su.

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen tattarawa. Tsakanin 1911 da 1913 aka buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, wanda jami'in mulkin mallaka Frank Edgar ya haɗa daga rubuce-rubucen ajami na malaman Hausa. A farkon shekarun 1970 marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, waɗanda duk wanda ya yi firamare a wancan lokaci zai tuna. A baya-bayan nan Dokta Bukar Usman ya fitar da Taskar Tatsuniyoyi.

Akwai kuma darasi a aikin Alhaji Abubakar Imam. A Magana Jari Ce, da aka buga a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da na Turawa har da na Grimm ɗin, ya sa musu riga da hula, ya zaunar da su a fada da kasuwa irin tamu, har mai karatu ba ya jin baƙunta. Imam bai ƙi na waje ba. Ya dai ƙi ya miƙa wa yaran Hausa shi da kayan aro.

Ke nan kayan aiki suna nan a ajiye. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bakin da zai faɗa da kunnen da zai saurara, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Wannan kuwa sai a hutu ake samu, lokacin da jikokin birni ke kwana a ɗakin kaka.

Masu cewa ƙarya ce

Akwai masu ganin tatsuniya ɓata lokaci ce, wasu ma suna ƙyamar ta don a ganinsu koya wa yara ƙarya ne. Har a maganar yau da kullum, in ana so a rena zance sai a ce tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ce.

Wannan damuwa ta cancanci amsa, domin masu ita tarbiyya suke karewa.

Ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba haka ba don a ɗauka haka ne. Mai tatsuniya kuwa tun daga "ga ta nan, ga ta nanku" ta sanar da kowa cewa an shiga wata duniya, a ƙarshe kuma da ƙurunƙus take rufewa, har ta jingina ƙaryar ga Gizo kowa ya yi dariya. Babu yaron da ya taɓa tashi daga gaban kakarsa yana zaton kura na magana a dajin Gaya.

Magabata ma sun yi wa abin iyaka. Sun ce wanda ya yi tatsuniya da rana zai yi makuwa, wato dai rana ta aiki ce da makaranta, hira kuma sai bayan sallar Isha'i.

Abin da ke cikin labaran kuma shi ne abin da malamai ke wa'azi a kai kullum: kwaɗayi mabuɗin wahala, hassada ga mai rabo taki, girmama baƙo, sakamakon cin amana. Gizo yana wayo, amma sau nawa wayonsa ke ƙarewa da shan duka?

Gaskiya ne a wasu tsofaffin tatsuniyoyi akwai batsa, akwai kuma yi wa naƙasassu ba'a. Waɗannan ba dole ne a miƙa su yadda suke ba. Tatsuniya ba nassi ba ce, kowace kaka tana da ikon tacewa, kuma dama haka ake yi tun asali. Wanda ya hana ɗansa tatsuniya don tsoron ƙarya, sannan ya miƙa masa waya ba tare da sanin abin da yake kallo ba, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Batun tsada

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa ita ce ta aljihu. A wannan hali da ake ciki, magidanci mai 'ya'ya takwas da ke fafutukar shinkafar Sallah, ina shi ina rigar saƙi mai aska takwas?

Wannan gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce ya saya. Sallah biki ɗaya rana ce, kada ta wuce ta bar mutum da bashi. Babbar riga mai aikin hannu takan ci makonni, wata ma watanni, a hannun maɗinki, dole ta yi tsada. Wannan nauyin masu hali ne: 'yan kasuwa da 'yan siyasa da manyan ma'aikata, waɗanda dama suna kashe fiye da haka a shaddar waje da aikin inji. Su ne ya kamata a tambaya me ya hana ɗaya daga cikin kayan Sallarsu ta fito daga hannun maɗinkin garinsu.

Amma aikin hannu ba babbar riga ba ce kaɗai. Tandar waina ta ƙasa nawa take? Kaskon turaren wuta fa? Faifan rufe tuwon Sallah, da mafici, da tabarmar kaba ta baƙi, da asusun da yaro zai tara goron Sallarsa a ciki, da takalmin fata na dukawa, da hular da wata baiwar Allah ta ɗinka a ɗakinta? Da yawansu ba su kai kuɗin datar da muke ƙonawa a kwana biyu ba.

Sannan a duba inda kuɗin ke sauka. Na bokitin roba da 'yar tsanar kanti, kaso mafi tsoka yana barin gari. Na tulu kuwa yana shiga hannun maginiya, ta sayi gero a kasuwar Juma'a, mai geron ya biya tela, tela ya sayi kifi a bakin gada. Naira ɗaya sai ta zaga gida biyar ba ta haye kogi ba.

Akwai ma tsohuwar hanyar da ba ta cin ko kwabo, wato buɗe adaka. Gidaje da yawa a Wudil suna da zanen saƙi na kaka, ko gwado, ko rigar tsamiya ta marigayi, ko murjani da tsakiya da aka naɗe a tsumma shekara da shekaru. A ƙasashen Turai yanzu matasa na rububin tsofaffin tufafi suna biyan kuɗi mai yawa don su fita daban. Mu namu na gado suna nan asu na ci. Budurwar da ta ɗaura saƙin kakarta ranar yawon Sallah, da lalle da kitso da tozali, ba za ta haɗu da mai irin kayanta a hanya ba.

Hawa kaɗai ba zai riƙe mu ba

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su. Abin alfahari ne. Duk wanda ya ga tawagar hakimai a Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa, da alkyabba da rawani da lifidi da kayan doki, ya ga aikin masaƙa da maɗinka da dukawa da maƙera a wuri ɗaya.

Sai dai mun ga yadda hawa ke iya tsayawa. A 2020 annobar korona ta hana shi. A Ƙaramar Sallar 2025 'yan sanda sun hana shi bisa dalilan tsaro. Duk shekarar da aka yi haka, masu yi wa mahaya kaya su ne ke fara ji a jikinsu.

Al'adar da ta rataya a kan taro ɗaya, sanarwa ɗaya ta isa ta dakatar da ita. Wadda ke cikin gidaje kuwa babu mai iya hana ta. Ba a neman izinin kowa kafin a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a tara yara.

Abin da gida ɗaya zai iya yi

Shawarata ga magidanta da iyaye mata ba mai nauyi ba ce.

Na farko, a cikin kasafin Sallar bana a ware abu ɗaya tak da za a saya daga hannun wanda ya yi shi. A je da yaro wurin sayen, ya ga yadda ake murza yumɓu ko ake jan zare, ya ji sunan kowane kayan aiki daga bakin mai shi. In ɗinki ne a bayar da wuri, mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Kuma in an je, a rage taya kayan talaka kamar ana sayen na sata. Mutumin da ba ya neman ragi a babban kanti bai kamata ya tsaya ja-in-ja da tsohuwa a kan kuɗin faifai ba.

Na biyu, a ware dare ɗaya cikin dararen hutun, a tara wayoyi a faifai ɗaya, manya da yara, a ba tsohuwar gida fili. In ta ce ta manta, a fara mata da kacici-kacici, za a ga yadda bakinta zai buɗe. In gidan babu tsohuwa, uba ko uwa ko yaya su karanto daga littafi, amma su rufe shi su faɗa da bakinsu.

Na uku, waya ɗaya a bar ta a kunne, a naɗi muryar kaka da izininta. A tura wa 'yan uwa a zauren WhatsApp na dangi. Edgar sai da ya nemi malamai da tawada da takarda, mu kuwa abin naɗar yana aljihun kowa. Duk tsohuwar da aka binne ba a naɗi muryarta ba, an binne ta da labaran da wataƙila babu su a kowane littafi.

Na huɗu, a bar yara su ƙera abin wasansu. Motar kara da 'yar tsanar ƙashi ko ta tsumma da shanun laka ba su da kyan na kanti, amma yaron da ya ƙera da hannunsa ya koyi abin da na kanti ba zai koya masa ba.

Su ma masu sana'a da hukuma

Ba masu saye kaɗai ke da gyara ba. Masu sana'a su ma sai sun motsa. Matashin yau ba zai sa riga mai nauyin bargo a zafin bazara ba, amma zai sa 'yar shara ko kaftani mara nauyi mai ɗan aikin hannu a wuya. 'Yan mata za su riƙe jakar fata ko ta saƙi in an yi ta daidai da zamani. Uwa-uba cika alkawari: maɗinkin da ya karɓi aiki tun farkon azumi ya kai mutum har daren Sallah yana "gobe", shi da kansa yake kora masu ciniki wurin inji.

Wudil kuma ta yi sa'ar da garuruwa da yawa ba su yi ba. Tana da jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022, ga kuma makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda da ke tara matasa daga kowace jiha. Waɗannan dubban baƙi kasuwa ce a bakin ƙofa, kowannensu yana son tsarabar da zai kai gida. Ɗaliban da ke koyon kwamfuta za su iya buɗe wa maginan tukwane da maɗinka shafin talla, su kuma mayar da Gizo da Ƙoƙi katun da Hausar da yaranmu ke ji. Masu karatun injiniya za su iya duba yadda za a gasa tukwane da itace kaɗan ba tare da asarar da fashewa ke jawowa ba.

Ƙaramar hukuma da masu unguwanni ba sai sun jira kasafin kuɗi mai yawa ba. Fili ɗaya da rumfuna a ranar Juma'ar ƙarshe kafin Sallah, a keɓe wa masu aikin hannu kaɗai, a sanar a rediyo, ya isa a fara.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Masu saƙa da gini da jima da suka rage a ƙasar Wudil ba tallafi suka fi buƙata ba, masu saye suke jira. Kakannin da suka rage kuma ba sa neman komai sai a zauna a saurare su. Duka biyun suna nan a wannan Sallar, amma babu wanda ya ba mu tabbacin za mu same su a ta baɗi.

Allah Ya kai mu Sallah lafiya, Ya maimaita mana.